Harshen Matarkin Abinci: Waiwaye a kan Salon Jonathan Gold (1960–2018)

1.0 Gabatarwa

A ranar 21 ga watan Yuli, 2018, Jonathan Gold ya rasu a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, 'yan makonni bayan likitoci sun gano yana ɗauke da ciwon daji. Mako guda bayan haka, wato ranar da zai cika shekara 58 da haihuwa, aka haskaka ginin majalisar birnin da waɗansu manyan gine-gine da fitilu masu ruwan zinariya, domin ma'anar sunansa ke nan da Ingilishi. Ba kasafai ake yi wa ɗan jarida irin wannan karramawa ba, balle wanda aikinsa shi ne ya shiga gidan abinci ya ci, ya fito ya bayyana wa jama'a abin da ya tarar.

Galibin waɗanda suka yi ta'aziyyarsa a jaridu sun tsaya ne a kan halinsa: mutum ne mai riƙon amana, wanda bai raina mai ƙaramin jari ba. Wannan maƙala ba ta musanta haka ba, sai dai tana ganin cewa amanar marubuci a cikin jimlolinsa ake nemanta. Saboda haka za a dubi yadda yake kiran sunan abinci, da wakilin sunan da ya zaɓa domin fuskantar mai karatu, da kuma abin da ya ƙi faɗa. Za a kuma nuna wuraren da salon ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka. Kalmar tarke, wadda manazarta adabi suka saba amfani da ita ga waƙa da ƙagaggen labari, ita aka ara a nan, domin aikin iri ɗaya ne: a feɗe abu, a auna shi, a kafa hujja.

2.0 Mutumin da Birninsa

An haifi Gold a Los Angeles ranar 28 ga Yuli, 1960. Ya yi karatun tarihin kiɗa a Jami'ar Kalifoniya da ke birnin, kuma shi kansa makaɗi ne na cello, wato babban gogen Turawa. A 1982 ya kama aikin duba kurakuran bugu a jaridar mako-mako ta LA Weekly, daga baya ya zama editan sashen kiɗa. Shi ya rubuta dogon sharhi a kan mawaƙan N.W.A a 1989, lokacin da manyan jaridu ke ɗari-ɗari da su. Filinsa na abinci, mai suna Counter Intelligence, ya fara fitowa a 1986. Sunan yana da harshen damo: a dunƙule yana nufin aikin daƙile 'yan leƙen asiri, a rarrabe kuwa yana nufin labarin da aka samo daga bakin kanta, inda talaka ke zama ya ci abinci. Ya yi aiki da Los Angeles Times daga 1990 zuwa 1996, ya yi wa mujallar Gourmet tarken gidajen abincin New York daga 1999 zuwa 2001, ya koma LA Weekly, sannan ya sake komawa Los Angeles Times a 2012, inda ya zauna har rasuwarsa. A 2000 aka tattara sharhinsa a kan gidajen abinci sama da 200 a littafi mai sunan filin nasa. A 2007 ya zama matarkin abinci na farko da ya ci kyautar Pulitzer a fannin tarke.

Abin da ya fi waɗannan shekaru muhimmanci ga fahimtar salonsa shi ne wani aiki da ya ɗora wa kansa tun yana saurayi: ya ƙudurta zai ci abinci a kowane gida da ke kan titin Pico, wanda ya miƙe daga tsakiyar birnin har bakin teku a Santa Monica, tazarar kusan mil 15. Ya fara daga wani shagon mutanen El Salvador, ya nufi yamma gida-gida, ba tsallake. Titin ya ratsa unguwannin baƙi iri-iri. Dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga mutanen Asiya, yaƙin basasar El Salvador ya koro dubban mutane a shekarun 1980, ga kuma mutanen Meziko waɗanda tun asali birnin nasu ne. Waɗannan al'ummu sun yi yawan da mai dafa abinci a cikinsu zai iya dafa wa 'yan'uwansa kaɗai, ba tare da ya rage yaji domin baƙo ba. Wanda ya bi titi gida-gida ba ya zaɓar abin da ya cancanci a rubuta kafin ya ɗanɗana, kuma wannan ɗabi'a ce ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Kiran Abinci da Sunansa

Tsohuwar al'adar jaridun Amurka ita ce a bar sunayen abincin Faransa yadda suke, domin ana ɗauka mai ilimi ya san su, wanda bai sani ba kuma shi ke da laifi. Abincin sauran al'ummu kuwa sai a fassara shi da abin da ya fi kusa da shi a teburin Bature, ko a jefa nahiya guda cikin kalma ɗaya. Nan akwai hukunci a ɓoye: wani harshe ya isa a koye shi, wani kuma sai an yi masa tafinta. Duk wanda ya taɓa ganin an fassara tuwo da kalmar Ingilishi mai nufin kunu mai kauri, ko an kira tsire da sunan gasasshen naman Turkiyya, ya san abin da ke salwanta a irin wannan fassara. Bambancin tuwon dawa da na shinkafa ya tafi, haka ma ƙuli-ƙulin da ya raba tsire da sauran gashi.

Gold ya bi wata hanya. Yakan kawo sunan yadda masu abincin ke kiransa, pupusa ko mole ko doro wat, sannan ya gina masa ma'ana ta hanyar siffantawa: abin da aka haɗa, yadda aka dafa, yadda yake a harshe, da abin da ake ci da shi. Idan sunan ya sake fitowa a wani mako, ba lallai ya sake fassarawa ba. Ya ɗauka mai karatu ya koya. Ta haka filin nasa ya zama wata kafa ta shigar ararrun kalmomi cikin Ingilishin birnin, kuma wannan abu ne da ya kamata masu nazarin aro su lura da shi, domin an fi mayar da hankali ga kasuwa da makaranta da barikin soja a matsayin ƙofofin aro, ana mantawa da marubucin da ke maimaita kalma mako-mako har ta zauna.

Bugu da ƙari, bai cika yarda da manyan sunaye irin su abincin Sin ko abincin Meziko ba. Yakan gangara zuwa lardi: na Sichuan ne ko na Shandong ko na Canton, na Oaxaca ne ko na Jalisco ko na Sinaloa. Wannan ba ƙwalisa ba ce. Ba a iya cewa an dafa abu daidai sai an san abin da mai dafawar ke nufin yi. Matarkin da ya auna miyar Oaxaca da ma'aunin miyar Faransa bai yi tarke ba, ya dai bayyana inda ya taso. Kamancen da Gold ke yi kuwa sau da yawa daga kiɗa da zane da titunan birnin yake ɗebo su, abin da ke nuna asalin horonsa, kuma yakan jera sassan jimla masu yawa har mai karatu ya ji kamar numfashi zai ɗauke kafin a kai aya. Wani lokaci jerin kan yi tsawon da abincin ke ɓacewa a ƙarƙashin adon harshe. Aibi ne na mai yawan sani, amma aibi ne.

Labarin gidan abincin Jitlada ya nuna iyakar wannan hanya. Gida ne na mutanen Tailan, wanda wasu 'yan'uwa biyu daga kudancin ƙasar suka karɓa a 2006. Abincin kudu, wanda shi ne gwanintarsu, an jera shi a takardar abinci da rubutun Tailan kaɗai. Wani mai sha'awar abinci daga Chicago ne ya fassara jerin, bayan haka Gold ya rubuta sharhin da ya cika gidan da jama'a. Ke nan tsakanin mai dafuwa da matarki akwai tafinta, kuma sunan matarkin ne ya fi tashi. Yawancin abin da aka ce ya gano, dubban mutane sun riga sun san shi, suna ci kullum. Abin da ya yi shi ne ya shigar da shi cikin Ingilishi.

4.0 Wakilin Suna na Mutum na Biyu

Babbar alamar salon Gold, wadda kusan duk wanda ya yi nazarinsa ya ambata, ita ce yawan amfani da wakilin suna na mutum na biyu. Matarki bisa al'ada da mutum na farko yake magana: na je, na ci, na ga. Shaida ne kuma alƙali, mai karatu yana zaune a gefe yana sauraron hukunci. Gold yakan juya jimlar ta yadda mai karatu ne ke tuƙa mota, shi ke neman shagon a tsakanin mai wanki da mai sayar da taya, shi ke bin layi, shi yaji ke sa wa gumi. Matarkin ya sauka daga kujerar alƙali ya zama ɗan rakiya. Hukuncin yana nan, amma an saka shi cikin abin da aka ce zai sami mai karatu, har ya ji kamar shi ya yanke.

Wannan dabara ta dogara ne a kan wani hali na Ingilishin yau. Tun da tsohuwar kalmar thou ta fita daga maganar yau da kullum a wajen ƙarni na 17, kalma ɗaya ce, you, ke ɗauke da namiji da mace, tilo da jam'i, babba da yaro, har ma da ma'anar kowa da kowa. Mai fassara Gold zuwa Hausa ba shi da wannan sauƙi. Dole ya zaɓa tun a jimlar farko. A ɗauki wannan misali, wanda aka ƙirƙira domin bayani kawai:

(a) Za ka ji yajin tun kafin ka zauna.
(b) Za ki ji yajin tun kafin ki zauna.
(c) Za ku ji yajin tun kafin ku zauna.
(d) Za a ji yajin tun kafin a zauna.

Jimla ta (a) ita ce rubutun Hausa ya fi sabawa da ita, kuma tana riƙe kusancin da ake so, amma ta mayar da mai karatu namiji. Ta (b) ta keɓe mata sarai, har namiji ya ji ba da shi ake ba. Ta (c) ta kwashe kowa, sai dai ko ta mayar da mai karatu taro, ko ta sa shi a matsayin babba da ake girmamawa, alhali abin da Gold ke nema shi ne mutum ɗaya a kujera ɗaya, tsararsa. Ta (d) ita ta fi kusa da ma'anar kowa da kowa, amma ta cire mutumin gaba ɗaya, ta koma harshen sanarwa. Babu ɗaya daga cikin huɗun da ta ɗauki dukan kayan. Abin da wannan ke nunawa shi ne wani kaso na karimcin da ake yaba wa Gold, na cewa ya gayyaci kowa zuwa teburi, kyauta ce daga nahawun harshensa. Hausa tana tilasta wa marubuci ya faɗi wanda yake magana da shi; Ingilishi yana ba shi damar ya bar tambayar a rufe.

Idan aka buɗe ta kuwa, tambayar tana da nauyi. Wane ne wannan mai karatu? Ba shi da jinsi a nahawu, amma yana da mota da lokacin tuƙa ta zuwa kwarin San Gabriel, yana karanta jaridar Ingilishi, kuma yana bukatar a gaya masa cewa doro wat miyar kaza ce mai yaji da dafaffen ƙwai, da injera ake cin ta. Wanda ake yi wa wannan bayani ba Bahabashe ba ne. Mai dafuwa da abokan cinikinta na kullum suna nan a rubutun, ana ganin su da mutunci, amma a mutum na uku suke: su ne ake kallo, wani ne ke kallon.

Akwai kariya mai ƙarfi ga Gold a nan. A birni irin Los Angeles kowa baƙo ne a yawancin unguwanni: ɗan Koriya baƙo ne a gidan abincin Oaxaca, ɗan Oaxaca baƙo ne a unguwar Habashawa da ke titin Fairfax. Don haka mai karatun da ake kira ba lallai ya zama Bature ba. Kowa ne a ranar da ya bar unguwarsu. Abin da ya rubuta a 1992 yana ƙarfafa wannan fahimta. A ƙarshen watan Afrilu na shekarar, bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka yi wa Rodney King duka, tarzoma ta ɓarke, mutum sama da 50 suka mutu, aka lalata shagunan 'yan Koriya kimanin 2,000. Gold ya rubuta maƙala a Los Angeles Times a kan unguwar da ya zauna a yammacin tsakiyar birnin, yana kwatanta yadda al'ummu daban-daban ke zaune gida ɗaya, suna jin ƙamshin girkin juna. Mutumin da ya ga maƙwabtansa sun zama baƙin juna har ta kai ga wuta yana da dalilin da zai sa ya riƙa tura mutane unguwannin da ba nasu ba. Kariyar ta karɓu, amma rabi. Kowa na iya zama baƙon, gaskiya ne, sai dai ba kowa ke da Ingilishin karanta gayyatar ba, kuma da yawa daga cikin masu wanke kwanukan gidajen da ya yaba suna cikin waɗanda ba su da shi.

5.0 Shiru da Lamba

Ƙa'idojin wannan sana'a a Amurka Craig Claiborne na New York Times ne ya kafa su a farkon shekarun 1960: matarki ya je gida sau da yawa kafin ya rubuta, jarida ta biya kuɗin abincin, kada ya bayyana kansa, sannan ya ba da taurari. Gold ya riƙe na farko da na biyu da gaske. Na huɗu kuwa bai yarda da shi ba, kuma a watan Maris na 2012, daidai lokacin komawarsa, Los Angeles Times ta daina bayar da taurari. Hujjar a fili take. Tauraro yana auna kowane gida da sikeli ɗaya, sikelin da ke ba da maki ga farin ƙyallen tebur da yawan ma'aikata, don haka motar da ke sayar da taco a bakin titi ta faɗi tun kafin a ɗanɗana.

Amma daga 2013 ya riƙa fitar da jerin gidajen abinci 101 da suka fi kyau, kuma jeri ne mai lamba daga ta ɗaya. Gidan Providence, mai tsadar gaske, shi ya riƙe lamba ta ɗaya shekara huɗu a jere, a 2017 kuma Vespertine, wanda shi ma sai mai hali, ya karɓa. An sami motocin taco da ƙananan shaguna a cikin jerin, abin da ba a saba gani ba, amma sikelin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Mai karatu da ba shi da lokacin bin dogayen jimloli lambar yake dubawa.

Batun shiru ya fi wannan sarƙaƙiya. An san Gold da cewa ba ya cika rubuta sharhin suka a kan ƙaramin gida. Idan abincin bai yi ba, sai ya wuce bai ce komai ba. Dalilin abin girmamawa ne, domin sakin layi ɗaya daga irinsa na iya rufe shagon da iyali suka zuba dukan abin da suka tara. Ƙarfin alƙalamin nasa ba zato ba ne: a fim ɗin City of Gold, wanda Laura Gabbert ta shirya aka fara nunawa a 2015, Genet Agonafer, mai gidan abincin Habasha na Meals by Genet, ta bayyana cewa sharhinsa ne ya ceto sana'arta lokacin da take gab da rufewa. Wanda yabonsa ke iya haka, sukarsa ma za ta iya kishiyar haka. Duk da haka shiru ba ya karantuwa. Mai karatu ba zai san ko an je gidan an ƙi shi ba, ko ba a je ba sam. Kuma akwai wata girmamawa a cikin suka: wanda aka soki aikinsa an ɗauke shi a matsayin gwanin da ya isa a tuhume shi. Idan manyan gidaje kaɗai ake gaya wa kuskurensu, to an bar wani bambanci tsakaninsu da ƙanana, ko da tausayi ne ya haife shi.

Ƙa'ida ta uku, ta ɓoye fuska, ya ajiye ta a fili a watan Janairu na 2015, inda ya bari jaridar ta buga hotonsa. Ruth Reichl, wadda ta yi aiki da shi, ta shahara da ɓad da kama lokacin da take New York Times, kuma sharhinta na 1993 a kan gidan Le Cirque ya nuna yadda aka wulaƙanta ta da ba a gane ta ba, aka kuma tarairaye ta da aka gane. Hujjar ɓoye fuska ke nan. Gold kuwa mutum ne mai jiki da dogon gashi, wanda masu gidajen abinci suka daɗe da sani, ga kuma fim na shirin fitowa. Ci gaba da ikirarin cewa ba a san shi ba zai zama yaudarar mai karatu ne kawai, sai ya zaɓi ya faɗi gaskiyar halin da yake aiki a ciki.

6.0 Inda Ya Ce A'a

Akwai wuri guda da bai yi shiru ba, kuma a kan abincin da yake ƙauna ne. A 2011 majalisar jihar Kalifoniya ta yi muhawara a kan ƙudurin hana sayar da fiffiken kifin shak, wanda ake yin miyar alfarma da shi a bukukuwan Sinawa, musamman na Canton. Masunta kan yanke fiffiken su jefar da kifin cikin teku, abin da ya rage yawansa ƙwarai. Paul Fong, ɗan majalisa mai asalin Sin, yana cikin waɗanda suka kawo ƙudurin, yayin da Sanata Leland Yee, shi ma mai asalin Sin, ya kira shi hari a kan al'adar mutanen Asiya. Gold, wanda ya shafe shekara 25 yana kare girkin baƙi daga raini, kuma yake da masoya da yawa a gidajen abincin kwarin San Gabriel, ya rubuta maƙala a Los Angeles Times a watan Agusta yana goyon bayan hanin. Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a kan dokar a watan Oktoba na shekarar, ta kuma fara aiki gaba ɗaya a watan Yuli na 2013.